Daminar da na yi wa injin Yaya Bukar wanka

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi wa injin mota wanka da ruwan zafi ba. Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta ya haɗu da warin baƙin mai, sai in ji kunnuwana sun ɗauki ɗumi.

A lokacin na gama jami'a ina zaune a gidanmu da ke Fagge ina jiran tafiya bautar ƙasa. Aikina bai wuce karance-karance da zama bakin taga ina kallon ruwan sama ba (Hajiya mahaifiyarmu takan ce da ana biyan mutum kuɗin kallon hadari, da na gina mata bene). Yayana Bukar kuwa yana da wata tsohuwar akori-kura da yake ɗaukar wa wani Alhaji kaya daga Kasuwar Singa, yana kai wa masu shaguna a cikin gari da garuruwan kewaye. Da wannan motar ake cefanen gidanmu tun rasuwar Baba.

Ana tsakiyar marka injin motar ya buga. Aka sauke shi aka kai Sabon Gari wurin Oga Obinna, mai injinan gurzar ƙarfe, wanda a nan Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya gurje ramukan bulok, wato gangar jikin injin, ya yanke karanshaf, wannan doguwar sandar ƙarfe mai gwiwoyi da ke juyawa a cikinsa. Saura a jira ƙananan kayan haɗi da aka yi saƙo daga kudu. Alhajin Singa ya ce zai yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, in motar ba ta tashi ba zai ba wani direba aikin.

Garejin da za a haɗa injin fili ne kawai a wajen tashar jirgin ƙasa, rumfarsa tana yoyo. Shi ya sa Yaya ya sa aka kawo kayan gida, aka ajiye a ɗakin da ke kusa da zaure. Sun zo shafe da mai, an naɗe su da takardar buhun siminti da leda, an ɗaure da tsumma. Bai ce wa kowa komai ba. A tunaninsa babu mai hankalin da zai je kusa da su, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai ga waya daga Maiduguri, Goggo Yagana, yayar Babanmu, tana tafe.

Mu asalinmu Barebari ne, kuma duk wanda ya san gidan Barebari ya san ƙamshi a wurinmu mutunci ne. Goggo Yagana kuwa ko a cikin dangi ta yi suna. Tana shiga gida, kafin ta amsa sannu da zuwa, hancinta ya riga ya zagaya ɗakuna ya dawo. Hajiya ta ce mini, "Ki gyara ɗakin zaure, nan Goggonki za ta sauka," ta fita unguwa abinta.

Ina buɗe ƙofa warin mai ya tare ni. Na share, na goge, na buɗe taga, wari yana nan daram. Na gwada jan bulok ɗin, ko motsi bai yi ba. Sai na tsuguna na ɗan ɗaga takardar, kuma a nan ne shaiɗan ya same ni. A ƙarƙashin maiƙon nan na hango wani irin sheƙi, kamar wata a bayan gajimare. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, dubi yadda maza ke wulaƙanta abu mai kyau, an sha wahala an gyara shi sannan an dulmiya shi cikin ƙazanta.

Na dafa ruwa. Na kawo garin sabulu da soso mai laushi. Na zura hannu har gwiwa cikin kowane rami na wanke shi tas, na bi gwiwoyin karanshaf ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye, na tsane da tawul. Wallahi sun yi kyau. Har fuskata na gani a jiki, ta yi tsawo kamar a bayan cokali. (Kada in ɓoye muku, a daren nan sai da na rubuta 'yan baitoci a kan ƙarfen da ya fito daga duhu. Na yaga su daga baya.) Takardun da ledojin na tattara na zuba a shara. Daga nan na lulluɓe kayan da wata sabuwar atamfa, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta mai kyau, na tura ƙarƙashin atamfar kamar yadda muke turara tufafi.

Goggo ta iso, ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi, ta ce, "Wa ya gyara ɗakin nan?" Hajiya ta nuna ni. Goggo ta ce, "Yarinyar nan jininmu ce." Na kwana ina murmushi. Tudun da ke lulluɓe a lungu kuwa ya zama teburinta, a kai take ajiye carbi da tabarau. Ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, bango ya yi sanyi, ashana ma sai an yi da gaske take kamawa. Ni ban sake ɗaga atamfar ba, don ina so Yaya ya fara gani da idonsa.

Ranar da saƙon kudu ya iso, da hantsi, Yaya ya shigo da Oga Obinna don ya gwada kayan kafin a kwashe zuwa gareji. Goggo tana zaune kan darduma a ɗakin, suka durƙusa suka gaishe ta. Ni kuma na yi maza na ɗauko ruwa a faranti, na gyara mayafi, na tsaya inda yabo ba zai sha wahalar samuna ba.

"Yaya, kafin ka buɗe," na ce, "ka sani na yi maka wani ɗan abin alheri."

Ya dube ni, ya dubi atamfar. Ya kwashe carbin Goggo a hankali ya miƙa mata, sannan ya yaye.

Wani ƙamshi mai daɗi ya tashi ya cika ɗakin. A ƙarƙashinsa kuwa komai ya yi ja. Ramukan nan da na bari suna sheƙi sun zama kamar an shafe su da jar ƙasa, karanshaf ya yi dabbare-dabbare tun daga kai har gindi. Tsatsa ce, sabuwa fil, har da zanen inda ruwa ya gangara.

Yaya ya saki atamfar. Ya zauna a ƙasa kawai, ya cire hula ya riƙe.

Oga Obinna ya tsuguna, ya shafa ramin da yatsa, ya duba yatsan, sannan ya kai hanci ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Bukar," ya ce, "aure za ka yi wa injin nan ne? Na ga an yi masa gyaran jiki."

"Ina man da ka shafa?" Yaya ya tambaya, kamar mai magana cikin barci.

"Ni ma shi nake nema."

Na ajiye farantin a gefe. Na ce da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Na ga ya yi datti ne."

Oga ya juyo gare ni. "Ƙanwata, da me kika wanke?"

"Ruwan zafi. Da sabulu."

"Da soson ƙarfe?"

"A'a. Na ga jikinsa da santsi, sai na ji tausayinsa."

"To, Allah ya yi wa tausayinki albarka, shi ya cece mu." Ya goge yatsa a wandonsa. "Ƙarfen da aka gurza sabo kamar jariri yake, ba shi da riga. Man nan shi ne rigarsa. Ke kuma kin tuɓe shi kin yi masa wanka a tsakiyar damina."

Goggo Yagana, wadda tun ɗazu take kallonmu ta saman tabarau, ta ce, "Ni dai ban san aikinku ba. Amma turaren ya kama."

Oga ya yi dariya har da riƙe bango. Ni kuwa da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Aka sake kwasar kayan zuwa Sabon Gari. Tsatsar ba ta ci ciki sosai ba, amma sai da aka bi layi, don akwai aikin wasu a gaba, aka sake goge ramukan da karanshaf. Ƙarshen wata ya zo ya wuce mota tana kan duwatsu. Yaya ya je Singa ya ba da haƙuri. Alhaji ya bar masa kai kaya cikin gari, amma na garuruwan waje, wanda ya fi tsoka, ya ba wani, kuma sai bayan babbar salla ya dawo hannun Yaya. A watannin nan miyar gidanmu ta ɗan rame, kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Na so a ce Yaya ya yi mini faɗa. Bai yi ba.

Abin da ya yi shi ne, ranar da aka gama gogewar, ya ce in shirya in raka shi. A shagon Oga, Yaya ya miƙo mini galan na mai da tsumma.

"Ke kika cire," ya ce. "Bismilla."

Na naɗe hannun riga na shafe kowane rami da kowace gwiwa, Oga yana tsaye yana cewa, "Ƙara, ƙanwata, kada ki yi masa rowa." Na naɗe su da leda da hannuna. Mai ya shiga ƙarƙashin farcena ya yi sati bai fita ba, kuma ban yi ƙorafi ba.

Daga ranar na koyi cewa in ka ga abu cikin maiƙo an naɗe shi an ɗaure da kyau, to akwai wanda ya riga ka son sa, kuma ya fi ka sanin yadda ake son. Yanzu in zuciyata ta motsa da niyyar yi wa wani alheri a ɓoye, nakan zauna tukuna in sha ruwa, sannan in je in tambayi mai kayan.