Rediyo da Takobi Mai Tsatsa

"Wasannin bidiyon Japan ɗin nan masu lamba-lamba, babu wanda ban ga ƙarshensa ba! Dodannin ciki in suka ji ni na kunna na'ura, zawo suke yi!"

Mai wannan magana shi ne Rediyo. Kai ma ka san dalilin sunan, sai dai shi batirinsa ba ya ƙarewa. Duk iliminsa na wasan kuwa a shagon aski ya tsinto shi, yana leƙen allo ta bayan ƙeyar masu yi.

Ranar nan yayan matarsa, direban babbar mota, ya shigo da na'urar wasansa a jaka. Doguwar tafiya zai yi, yana neman gidan da zai bar ta. Rediyo na ganinta yawu ya tsinke masa.

"Yaya, ai ta zo gidan ubanta!"

"To gwani, in na gama wasa na takwas, wanne zan kama?"

Gogan naka ya harɗe ƙafa. "Na uku labari gare shi, sai ka yi kuka da majina. Na biyar faɗa, na shida kiɗa. Na tara kuwa shara ne, ko kyauta aka ba ka, ka ce a haɗa maka da haƙuri. Ka koma na bakwai, don jaruminsa shi ne uban na takwas."

"Uba kuma? Ai kowanne da duniyarsa, ba su ma san juna ba."

"A ɓoye aka yi auren, Yaya. Mu manya ne muka sani."

Matarsa tana ninke kaya a gefe, ta yi tarin da ba na mura ba.

Yaya ya ce, "Shi ke nan. Dodon ƙarshe ya tsaya min a wuya wata da watanni. Kashe min shi, na'ura ta zauna a nan har in dawo." Ya haɗa ta da talabijin, ya fita gyara wa motarsa tsayuwa.

Rediyo ya buɗe jakar jarumin wasan, ya ga wani takobi duk tsatsa. "Ji tarkace! Da wannan za a kashe dodo?" Ya shiga kantin cikin wasan ya sayar, ya sayo wata hula mai gashin tsuntsu. Don kada aikin alheri ya ɓace, ya adana wasan a kan wanda Yaya ya adana, tsohon ya goge.

Yaya ya dawo, ya zura wa allo ido. "Ina takobina?"

"Na raba ka da wahala. Dubi hula!"

"Kai! Shi kaɗai ke huda fatar dodon! Sai da na ƙetare tsibiri da hamada kafin in same shi!"

"Kwantar da hankalinka, dabara ce. Zuba ido."

Aka shiga faɗa. Rediyo ya dinga danne-danne yana cije leɓe, har ya ɗauki maganin ƙara lafiya ya ɗura wa dodon. Dodo ya yi miƙa, ya hura wuta sau ɗaya. Jarumi ya baje, hula ta bi iska.

"Na'urar ce ba ta saba da hannuna ba."

"Ba ni nan. Bari in koma inda na adana."

"Ai... na adana maka sabo a kansa. Mai hula."

Yaya ya fara naɗe wayoyin na'ura a hankali, irin naɗin da ake yi don kada hannu ya kai wuyan suruki.

Matar ta ce, "Yaya, yi masa uzuri. Na ɗaya da yake yi a wayata, tun bara bai fita ƙauyen farko ba. Wata kaza ce ta tsare masa hanya, kullum sai ta kashe shi."

Rediyo ya zabura, jijiyar wuya a tashe. "Ƙarya take min, Yaya, ba kaza ba ce! Zakara ne!"