Faifan da Na Binne a Gonar Kawu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tarar da ni ina tono a gonar Kawu ba.

Ni tela ne a Daura. Ina da wata tsohuwar laftof da ƙanina ya bar mini, da ita nake nuna wa mutane samfurin ɗinki. Amma abin da ya fi mini komai a cikinta shi ne karatun Alƙur'ani da muryar marigayi Baba. Babu shi ko'ina sai nan.

Da ta fara nauyi, kafin ta buɗe na gama kafa hannun riga, sai na kai wa mai gyara. Ya ce ba ta mutu ba, faifan ajiyarta ne ya gaji. Ya sa mata sabo, irin wanda suke kira SSD, ya miƙo mini tsohon, ya ce in dawo gobe.

A hanya damuwa ta kama ni. Wannan ƙarfen fa akwai Alƙur'ani a cikinsa. A ina zan ajiye? (Na ma riƙe shi ba alwala, wannan kaɗai ya hana ni cin abincin rana.) Mu dai mun taso in takarda mai ayoyi ta tsufa, binne ta ake yi a wuri mai tsarki. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na hau mashin zuwa Sandamu, na binne a gefen gonar Kawu. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce riya nake.

Washegari mai gyara ya ce, "Malam, kawo tsohon in kwashe maka kayan ciki."

"Ba ka kwashe ba?"

"Ai shi ya sa na ce ka dawo."

Na koma gonar da gudu, ga shi ban sa alama a inda na binne shi ba. Rami na huɗu nake tonawa lokacin da maƙwabcin Kawu ya iso da mutum biyu, daidai na zaro ƙulli a farin ƙyalle.

Maƙwabcin ya ce, "La'ilaha illallahu! Wa ka binne wa asiri?"

Aka kira Kawu. Na kwance ƙullin, ina bayani. Kawu ya juya ƙarfen, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan nan, to wayarka fa? Ita ma ba karatu a ciki? Kawo mu yi mata sutura." Har wanda ya zarge ni sai da ya zauna don dariya.

Allah ya taimake ni ba a yi ruwa ba. Mai gyara ya hure ƙasar, ya haɗa, muryar Baba ta fito tangaran, sai da na share ido.

Tun ranar na koyi in riƙa tambaya kafin in yi wa abu jana'iza. Tsohon faifan kuwa yana saman kabad, a naɗe. Har yanzu sai na yi alwala nake taɓa shi.