Rasuwar Gagara-Yashi, Motar Rangadin Manaja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Mista Alfred Noah, manajan reshen Gombe na Kamfanin Auduga na Farin Zare, yana sanar da manoma, dillalai da ma'aikata rasuwar motar rangadinsa, wadda aka fi sani da Gagara-Yashi. Ta cika ranar Laraba a kan hanyar Kumo, cikin wannan shekara ta 1979, bayan jinyar da wasu suka jawo mata.

Marigayiyar ta zo Gombe shekarar da aka samu mulkin kai, lokacin Mista Alfred yana ƙaramin akawu. A cikinta ya koyi shugabanci. Ita ta riƙa kai shi ya ga gona da idonsa, ya zauna a tabarma ya ji ƙorafi, kuma ita ta kai shi ranar da ya sallami mai awon da ke danne sikeli, a gaban mutanen da ya cuta. Tun daga nesa ake gane tarinta, kuf-kuf-kuf, sai ƙahon nan nata mai kama da kukan tsohuwar akuya. Ba ta taɓa tambayar fasinja muƙaminsa ba. Ta ɗauki darakta, ta ɗauki mace mai naƙuda, duk girgiza ɗaya ta yi musu.

Ciwon ajalinta daga Legas ya taso. Da arzikin mai ya bunƙasa, hedikwata ta sayo kwamfuta, aka ware mata ɗaki mai sanyi, gatan da ba a taɓa yi wa manajan reshe ba. Daga nan umarni ya koma fitowa daga injin saƙo da aka kafa a ofis: a kai iri wuri kaza, a rage mutum kaza. Aikin manaja ya koma sa hannu. Kwamfuta ta ce rangadi ɓata lokaci ne, aka tsayar da man marigayiya da kayan gyaranta. Mista Alfred bai daina fita ba, direbanta Ɗantala yana ɗaure ta da waya da roba.

Sai umarni ya zo a rufe kasuwar auduga ta Garin Bappa, a sallami ma'aikatanta, wai bara ba ta kawo kaya ba. Mista Alfred ya san ruwa ne ya cinye hanya bara, don haka ya ƙi sa hannu. Hedikwata ta turo George, saurayin da ke kula da kwamfutar, ya zo ya karɓi sa hannun.

"Shiga mota," in ji manaja. "In ka ga wurin ka ce a rufe, zan sa."

Marigayiyar ta kai su, tana nishi. George ya ga auduga tsibi-tsibi, ya ga mata da jakuna sun yi layi suna jiran awo. Suka kamo hanyar dawowa.

"Oga, na gani," in ji George. "Amma ba ni ke yanke hukunci ba. Injin kuma ba shi da gurbin da zan sa abin da na gani."

"To ka faɗa da bakinka. Daraktocin ai suna da kunne."

Ba a jima ba marigayiyar ta yi tari mai tsawo, ta ja numfashi, ta yi shiru a tsakiyar yashi. George ya tuɓe kwat ya sa hannu aka tura ta har bakin titi. Iyalan mamaciya suna gode masa. Ya koma Legas ba tare da sa hannun ba, abin da zai faɗa can kuwa ba wanda ya sani.

Ta bar Ɗantala, wanda har yanzu bai iya cin abinci sosai ba, da tayar safaya mai faci, da jak da ba ya ɗagawa sai an roƙe shi. Ta kuma bar Mista Alfred, wanda aka riga aka sanar da shi cewa ana duba batun yi masa ritaya. Ya ce su duba da kyau.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe daga harabar ofis, a tura ta da hannu zuwa gidan manaja a Kagarawal, inda za ta kwanta a gindin dalbejiya. Ba za a sayar wa maƙera ko ƙusa ɗaya ba. Malama Hilda, sakatariyar ofis, za ta jagoranci waƙoƙi. Ana gayyatar daraktocin hedikwata, amma da ƙafarsu za su zo, domin ba za a karɓi gaisuwar da ta fito daga inji ba.

Zaman makoki ba zai wuce Lahadi ba. Ranar Litinin manaja zai shiga motar haya zuwa Garin Bappa ya buɗe awo da kansa. Manoma su kawo audugarsu.