Ranar da Injiniya Kalilu Ya Sallami Nepa

"Dubu huɗu! Ni da kwan hitila guda da waya guda, dubu huɗu?"

Muryar Aminullahi ce ta ratso bango. Mufida ta ɗaga hannu daga kan kwamfuta ta kasa kunne. Gidan hayar Inna Iyatu da ke bayan kasuwar albasa a Aliero ɗaki goma sha biyu ne, shida na ɗaliban jami'a maza, shida na mata, da katanga a tsakani. Abu biyu kawai suka haɗa: mitar wuta guda, da duk maganar da aka faɗa da ƙarfi.

"Aminu, rage murya," in ji wata murya, a natse kamar ta mai karanta labaran rediyo. "Lissahi bai son hayaniya. Kwan naka akwai haske ƙwarai. Kwamiti ya lura."

Wannan shi ne Injiniya Kalilu, kuma Allah ya yi wa gidan nan baiwa da ya kawo shi. Ɗan Maiyama ne, yana ajin ƙarshe a sashen kiwon kifi. Injiniyancinsa ya samo asali ne shekara biyu da suka wuce, ranar da fis ya ƙone, aka kira mai gyara, shi kuma ya riƙe masa tocila. Tun daga ranar bai sake amsa sunansa tsirara ba. Maza na ce masa Injiniya, mata na ce masa Megawat, kuma da labarin ya kai masa sai ya ce ai ya san jama'a na ƙaunarsa.

Shi ne shugaban kwamitin wuta na gidan. Shi ne sakatare, shi ne ma'aji, kuma ba a taɓa jin saɓani tsakanin mutanen nan uku ba. Duk ɗaya ga wata yakan fito da littafi mai jan bango ya bi ɗakuna yana ƙirga kwan fitila da caja da fanka. Ɓangaren mata ba ya shiguwa, don haka yakan tsaya a zaure ya rufe ido ya saurari kukan fankoki, sannan ya rubuta. Ɗaki ɗaya ne ba a ƙirgawa, ɗaki na ɗaya, wanda ke manne da na Mufida. Wannan ofishin kwamiti ne, kuma Injiniya ya bincika, babu inda ofis ke biyan kuɗin wuta. Cewa yana kwana a ciki, wannan sadaukarwa ce.

Kaftani uku yake sauyawa a yini, kowanne da karin da zai iya yanka albasa. Babu wanda ya taɓa ganin dutsen guga a ɗakinsa, domin babu wanda ya taɓa ganin ɗakinsa.

Ita Mufida ba lissafi ne ya dame ta ba. Batirin kwamfutarta ya mutu tun tana aji biyu, wuta na ƙiftawa sai ta ɗauke. Babi na biyar na furojet ɗinta ya rage, kuma malamin da ke duba aikin ya ce ranar Alhamis ta makon gobe, ƙarfe goma sha biyu, zai kulle ofis ya yi tafiya. Wanda bai kawo ba sai baɗi. Mahaifinta kuwa, can Sabiyal, ya riga ya gaya mata a bakin gona cewa albasar bana ita ce ta ƙarshe da zai sayar saboda boko.

"To ga magani," ta ji Aminullahi na cewa. "Akwai 'yar ƙaramar mita Jega, na tambayo kuɗinta. Kowane ɗaki a sa mishi mitarshi, har ofis. Kowa shi biya abin da ya sha."

Sai shiru. Shekara biyu Mufida na gidan nan, ba ta taɓa jin Injiniya ya yi shiru ba. Har ta matsa kusa da bango ko wani abu ya same shi.

Bayan kwana uku aka kira taron gaggawa a ƙofar gida. Injiniya ya hau kan bulo biyu.

"'Yan uwa masu shan wuta," ya ce. "Na kwana biyu ina nazari. Matsalarmu ba rabon kuɗi ba ce, matsalarmu ita ce mita kanta. Ƙara mita bisa mita, wanga tunanin jiya ne. Duniya ta wuce nan. Na yi magana da wani kamfanin sola na Jega, za su kafa kayansu, mu riƙa biya duk wata, kuɗi guda, ba ƙirga. Ku ɗaga kai ku duba. Rana na da mita?"

Aka ɗaga kai. Ba ta da ita.

"Ofis hwa?" in ji Aminullahi.

"Ofis na nan matsayinshi."

Mufida ta ɗaga hannu daga layin mata. "Injiniya, ni dai tambayata guda. Ran Alhamis da safe akwai wuta?"

Ya dube ta da tausayin da likita ke duban mai tsoron allura. "Malama Mufida, kina tambaya ko rana za ta hito ran Alhamis?"

Aka yi dariya, aka amince.

Ranar Litinin mai sola ya iso da faifan sola shida a bayan a-kori-kura, ya jingina tsani zai hau kwano. Injiniya ya tare shi. In an kai su can sama, wa zai gan su? Mutumin ya yi bayanin inuwa da awaki da yara, Injiniya ya saurara da haƙuri irin na manya, sannan ya nuna gefen ƙofar gida, daidai inda masu wucewa hanyar Sabiyal ke rage gudu. Nan aka kafa su bisa ƙarfe, tsayin ƙugu, a shimfiɗe, baƙaƙe sumul suna ƙyalli. A gefe aka kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya assasa aikin. Allon ya fi kowane faifai girma.

Aka yanka ƙyalle. Injiniya ya ɗauki filaya ya shiga zaure shi kaɗai, saboda haɗarin aikin, aka ji ƙas, ƙas, ya fito ya sanar cewa an sallami Nepa daga gidan nan har abada. Sannan ya juya ga mai gidan, wadda ɗakinta ke bakin ƙofa, tana zaune kan tabarma tana kallo.

"Inna, wanga aiki naki ne. Ba namu ba ne, na al'umma ne. Ki more shi yadda duk kika ga dama."

"Yadda nig ga dama?"

"Yadda kika ga dama, Inna."

Inna Iyatu ta daɗe tana duban faifan. Ta miƙe, ta ɗora tafin hannu a kan guda, ta janye da sauri, ta gyaɗa kai.

Talata an sha wuta. Mufida ta rubuta shafi bakwai, har ta fara jin kunyar zargin da ta yi wa bawan Allah. Laraba bayan azahar, tana tsakiyar jimla, allon ya yi baƙi. Kafin la'asar sanarwa ta bayyana a zaure, da sa hannun shugaba da na sakatare: binciken kwamiti ya gano ranar bana ba ta da ƙarfi. A watan Maris ne wannan, a Aliero, lokacin da takalmin roba ke narkewa a kan kwalta.

Mufida ta zura hijabi ta fita ta ga ranar da idonta. Warin ne ya fara tarbarta. Kakar albasa ce, kowace mace a unguwar ta daka lawashi ta cura gabu, curin ganyen albasa da ake busarwa don miya, ana neman wurin shanya ido rufe. A kan faifai shida na makomar makamashi, gabun Inna Iyatu ne jere reras, curi bayan curi, ba a bar ko faɗin yatsa ba.

"Inna! Mi ne ne wanga?"

"Ɗiyata, ban taɓa ganin wurin shanya irin wanga ba. Ba ƙasa, ba kaji, ga zahi sama da ƙasa. Kwana biyu ya ishe shi. Allah shi yi ma yaron nan albarka."

"Inna, wutarmu ce kika ruhe!"

"Shi ya ce in mora." Ta nuna allon. "Ga shi nan ma an rubuta."

Su biyu suka kwashe gabun zuwa tabarma, suka goge faifan da tsumma. Aminullahi ya kira mai sola. Mutumin ya ce batura sun zube har ƙasa, kada a kunna ko tocila sai sun sha rana yini guda cur. Wato yammacin Alhamis. Mufida ta ruga shagon caji na bakin titi, ta tarar da 'yan ajinta uku-uku a kan kowane soket, kowa da babi na biyar ɗinsa.

Safiyar Alhamis, ƙarfe takwas, yara suka yi ihu a unguwa. An kawo wuta. Injin markaɗe ya tashi, mai walda ya fara tartsatsi, rediyon maƙwabta ya kama waƙa. Gida ɗaya ne tak a layin ba wuta, domin ya ci gaba har ya wuce wannan.

Tana naɗe caja za ta bi gidajen mutane roƙon soket, sai ta tsaya. Ta bayan bango wani sauti ke zuwa, siriri, mai natsuwa. Tsss. Shiru. Tsss. A ƙarƙashinsa kuma fanka na juyawa.

Ta fita zaure ta buɗe akwatin mita. Jar fitilar na ƙiftawa da sauri, lambobin katin da su goma sha ɗaya suka saya farkon wata na sauka a hankali. Waya biyu a yanke, ta maza da ta mata. Ta ukun, wata 'yar siririya da ta bi ta bayan akwati, lafiyarta ƙalau.

Ta bar akwatin a buɗe. Ta kira Aminullahi, ta kira Inna.

Ƙofar ofis ta buɗe faɗin tafin hannu. Injiniya na sanye da singileti, ƙamshin sitaci mai zafi na fitowa ta saman kansa. Ƙarfe goma sha biyu wata ƙungiyar matasa za ta karrama shi a Jega, zai gabatar da jawabi kan rayuwa bayan Nepa.

"Layin gwaji ne," ya ce, ko gezau. "Kimiyya na buƙatar kwatance. In ba a bar layi guda ba, da mi za a auna nasarar sola? Ni na ɗauki nauyin zama da shi, don kada ya cutar da kowa."

"Kauce, ɗan nan," in ji Inna Iyatu.

"Inna, ofis ne."

"Ɗakin ajiyar albasar marigayi maigidana ne. Kauce."

Haka al'umma ta ga ofis karon farko. Ƙaramin firij, tukunyar lantarki, abin dafa ruwa, fanka biyu, da dutsen guga mai tururi zaune bisa farar shadda. Aminullahi ya tsaya yana ƙirgawa da yatsa, a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi masa duk ɗaya ga wata. Inna ta zare wayar dutsen ta riƙe shi ta hannu kamar kazar da za a kai kasuwa.

"Wanga na wurina sai kwamiti ya zauna. Kwamiti na gaske." Ta juya. "Ɗiyata, miƙo wayarki ta taga."

Aka zura doguwar waya ta tagar ofis, ta haye katanga, ta sauka ɗakin Mufida. Aminullahi ya jawo kujerar shugaba ya zauna gadin soket, ya juyo da fanka ɗaya wajen fuskarsa. Injiniya ya nemi a rubuta cewa da izininsa aka yi. Ba a sami mai biro ba.

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma Mufida ta sa aya ta ƙarshe. Ta kwafe aikin a filash, ta zare shi daga kwamfuta, ta fito da gudu neman ɗan acaba zuwa wurin buga takardu. A bakin ƙofa ta kusa yin karo da mutum.

Injiniya ne tsaye a ƙofar Inna Iyatu, da hula da agogo da takardar jawabi a hammata. Rabin kaftaninsa na dama sumul yake kamar faifan sola. Rabin hagu kamar an ƙwato shi daga bakin akuya. A hannunsa akwai tsohon dutsen guga na gawayi da ya aro daga maƙwabta, sanyi ƙalau. Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya irin yadda ya saba umartar wasu.

"Inna," ya ce, "don Allah ko akwai sauran garwashi?"