Ranar da Na Leƙo Daga Rijiyar Unguwa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin da na leƙo daga rijiyar unguwarmu ba.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Ita na gada, a cikinta na yi furfura. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma daga ƙauyenmu har bakin Ɗambatta, da wuya ka sha ruwan rijiyar da ban taɓa shiga cikinta ba. Ƙasa ta taɓa rufta mini can wajen Bagwai, aka tono ni har an fara salati. Na tashi na karkaɗe jikina, na ce a miƙo mini diga. Tun daga nan mutane suke ɗan shakkata. Ba ni da yawan magana, kuma in na faɗi abu ba na janyewa. Ba ni da shanu, ba ni da babur. Wannan sunan kaɗai na tara, na mutum mai magana ɗaya, shi kuma na je na ɗora a kan wasan talabijin.

Bala mai cajin waya ne ya jawo. Ya sa sola a rumfarsa da ke gindin darbejiya, daura da rijiyar unguwa, daga baya ya ƙaro talabijin. Duk Asabar bayan la'asar ana nuna wani shiri na ƙasar waje da aka juya zuwa Hausa. Labarin wata ƙasa ce da aka sace wa ruwan sama, aka ɗura shi a tulu aka ɓoye. Akwai sarauniya mai hawan tsuntsu mai kai biyu. Akwai waziri mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Akwai kuma wani saurayi, Ɗan Maƙeri, wanda ya fita neman tulun. Da farko cewa na yi shirme ne. Wata rana dai na tsaya karɓar wayata daga caji. (Wayar ta cika tuntuni. Ni ne ban tafi ba sai da aka kira magariba.) Duk wanda ya taɓa shuka ya zauna jiran hadari, in aka ce masa an sace ruwan sama, zai so ya ga fuskar ɓarawon.

Kafin wani lokaci gari ya rabu. A gona, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan an shafa, zancen ɗaya ne: wa ya sace ruwan? Bala ya ce sarauniyar ce da kanta, don talakawa su riƙa durƙusa mata. Matan gidanmu sun ɗora wa wata tsohuwa mai sayar da gawayi a cikin shirin, wai matata Hanne ta lura ba a taɓa ganin ta tana shan ruwa ba. Sale kuwa, taubashina, wanda shi ke jan guga a sama in ina ƙasa, cewa ya yi tsuntsun ne, kan hagu ya sace bai gaya wa kan dama ba. Ni ina ƙarshen benci.

Sai ranar da dogaran fada suka kama Ɗan Maƙeri, suka jefa shi a wata tsohuwar rijiya, suka rufe bakinta da ƙaton dutse. A nan shirin ranar ya tsaya. Wuri ya kaure.

Nura, ɗan Mai Unguwa, wanda yake karatu a kwalejin Bici, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba za su kashe shi ba. Hotonsa ake fara nunawa kullum. In ya mutu wa za a kalla?"

A nan bakina ya buɗe. An zo inda na fi kowa sani.

Na ce, "Ya mutu."

Kowa ya waiwayo, don ba a saba jin muryata a wurin ba.

Na ce, "Na saurari faɗuwarsa. An daɗe kafin a ji ƙarar ruwa. Rijiyar nan ta haura gaba talatin. Kuma an rufe bakinta. Rijiyar da aka rufe, ko fitila ka zura mutuwa take yi, balle mutum."

Nura ya ce, "Baba, ai wannan ba irin taku ba ce, ta fim ce."

Na ce, "Rijiya rijiya ce."

Sale ya tuntsire da dariya. "Sarkin rami! A ƙasar da tsuntsu yake da kai biyu kake auna zurfi?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ban saba a yi mini dariya ba. Kaina ya yi zafi. Na miƙe na ce, "Wallahi tallahi, in yaron nan ya fito da rai, idona ba zai ƙara kallon shirin nan ba."

Liman yana wucewa da butarsa zai je alwala. Ya tsaya ya dube ni. "Ka dai ji abin da ya fito daga bakinka?"

Na ce, "Na ji, Allah gafarta Malam."

Asabar ta zagayo. Na zauna a gaba, na harɗe ƙafa, ina jiran a yi jana'iza. Ashe a ƙarƙashin rijiyar nan gari ne guda, har da kasuwa. Mutanen garin suka tarbi yaron, suka ba shi abinci, suka ɗora shi a kan wani kada mai fukafukai. Kadan ya taso ya farfasa dutsen, suka fito. Ko hularsa ba ta faɗi ba. Na tashi ba tare da na kalli kowa ba, na kama hanyar gida. Ina jin Sale a baya yana cewa, "A sauka lafiya, a gaida mutanen ƙasa!"

Na sha wahala a rayuwa, amma makonnin da suka biyo baya daban ne. In Asabar ta yi sai in ɗauki fartanya in tafi gona, alhali bazara ce, babu abin nomewa. Hanne takan kalli nata a waya washegari, in an turo mata. Da na shigo sai ta kife wayar a cinya.

"Malam, rantsuwarka nake tsare maka."

Na taɓa gwada ta ta gefe. Na ce, "Tsohuwar nan kuwa ta sha ruwan?"

Ta ce, "Wace tsohuwa?" tana cije leɓe.

Haka na koma tsintar labari a bakin mutane, ina yi kamar ba na ji. A nan na ji ana cewa duk dawakan ƙasar sun rame, ban da na waziri. Shi ke nan, na gane. Inda dabba ta yi ƙiba a shekarar fari, ruwa yana kusa. Wazirin ne ɓarawo. Na san amsar da gari guda yake nema, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. (Na gaya wa jakina. Bai musa ba.)

Na san akwai hanya. In je wurin Liman in ce zan karya rantsuwa, in yi kaffara, in koma bencina. Amma hakan na nufin in tsaya a gaban mutane in ce na janye. Ban taɓa yi ba, kuma ban ga ranar farawa ba.

Sai aka sanar cewa Asabar mai zuwa za a nuna ƙarshen shirin. A makon ne kuma Mai Unguwa ya kira ni ya ce rijiyar unguwa ta koma laka, tana buƙatar yasa.

Ya ce, "Wace rana za ku shiga?"

Na ce, "Asabar, da yamma."

Sale ya kalle ni ta wutsiyar ido. "Laraba fa? Ba mu da aiki."

Na ce, "Asabar na ce."

Dabarata ita ce, ido ne ya yi rantsuwa, kunne bai yi ba. Ina ƙasa ina aikin jama'a, in sauti ya faɗo mini, ba ni na kira shi ba. Wa zai zarge ni?

To, ni da nake taƙama da sanin rijiya, na manta abu ɗaya: a ƙasa ba a jin magana, sai gunji. Na cire riga, na sauka daga ni sai gajeren wando, laka har gwiwa. Aka fara shiri. Abin da yake iso mini kawai shi ne ihun mutane. "Kai!" Can kuma, "Innalillahi!" Can kuma tafi. Kowane ihu kamar ana soka mini tsinke. Na cika guga da laka na girgiza igiya. Shiru. Na sake girgizawa. Shiru. Sale ya ɗaure igiyar a turke ya tafi benci abinsa.

Na ce bari in hau in ci masa mutunci. (Haka na gaya wa kaina, kuma har yau haka nake gaya wa Hanne.) Na bi ramukan taka ƙafa da ke jikin bango na hau. Ina ɗago kai a bakin rijiya, sai ga talabijin tana kallona ido da ido. Jama'a duk sun ba ni baya. Na ce kallo ɗaya, in koma. Na kafa ƙafafuna a ramuka, na dafe baki da hannu biyu, laka tun daga gashin kai har ƙirji. A nan na maƙale.

Ga Ɗan Maƙeri ya gano tulun a wani ɗaki na ƙarƙashin fada. Ya durƙusa zai buɗe. Ga wani yana lallaɓowa ta bayansa da wuƙa, ba a nuna fuskar ba, sai hannu da farar riga. Yaron kuwa sai shafa tulun yake yi kamar ya samu amarya. Wuƙar ta ɗaga. Wallahi ban san lokacin da abin ya fito ba.

"Kai sakarai, waiwaya! Wazirin ne!"

Wanda bai taɓa jin ihu daga bakin rijiya ba, ba zai gane ba. Muryar takan ninku, ta fito kamar ba ta mutum ba. Gaba ɗaya suka waiwayo. Abin da suka gani shi ne baƙin kai mai ɗigar laka, da fararen idanu biyu, a bakin rijiya, da yammacin da aka shafe ana kallon aljanu. Yara suka watse. Gwaggo Asabe mai gyaɗa ta kifar da farantinta tana ta'awizi. Bala ya daka tsalle, ƙafarsa ta kwashi wayar batir. Talabijin ta ɗauke ɗif.

Sale ne ya fara gane ni.

"Jama'a, a yi kabbara! Na biyu ma ya fito da rai! Sarkin rami, ina ka baro kadan naka?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har da masu birgima a ƙasa. Nura ya yi ƙoƙarin ladabi, ya matso ya ce, "Baba, sannu da aiki," sai shi ma ta ƙwace masa. Wannan ta fi ta Sale ciwo. Na fara sauka zan koma ƙasa, don a lokacin lakar ta fi mini mutane. Sai na ji muryar Liman daga ƙofar masallaci.

"Fito, fito. Tambaya ɗaya zan yi maka. Idon naka a buɗe yake ko a rufe?"

Na ce, "A buɗe, Allah gafarta Malam."

"To ka same ni bayan salla. Ka fara yin wanka."

Na fito, na ratsa ta tsakiyarsu da gajeren wando, ina barin sawun laka. Kafin Bala ya gama haɗa wayarsa, sunaye ne suke ta wucewa a talabijin. Babu mutum ɗaya a garinmu da ya ga mai wuƙar. Nan dariya ta koma tsaki. Na karya rantsuwata, ban ga ƙarshen ba, na kuma hana kowa gani.

Liman bai ja zance ba. Ya ce, "Akwai hatsi a rumbunka?" Na ce akwai. Ya ce, "To babu zancen azumi. Miskinai goma za ka ciyar." Hanne ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, tana tuƙi tana share hawayen dariya, wai hayaƙi ne. Wanda ya fara sallama da kwanonsa Sale ne.

"Ni ma miskini ne. An hana ni ƙarshen fim."

Na kore shi da muciya.

Daga baya Nura ya samo ƙarshen a waya daga Bici, aka taru aka kalla. Ni ma na zauna, tunda na biya. Ba wazirin ba ne. Wani ƙanin sarauniya ne da ba a taɓa nuna shi ba, wai tun farko yana zaune a cikin madubi. Duk garin babu wanda ya canka. Amma ni kaɗai ne kuskurena ya ci hatsi.

Yanzu in ana musu a rumfar Bala aka ce, "Baba, kai me ka gani?" nakan ce Allah ne masani, in gyara zama. Abin da na koya bai da yawa. Kada ka rantse a kan rijiyar da ba kai ka haƙa ba. In kuma ta kama dole ka janye maganarka, ka je ka janye ta da ƙafarka, da rana tsaka, da riga a jikinka.