Ciwon da na ɗora wa Dirakta

Akwai wata ranar Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ranar da na kusa girgiza auren mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai ina kunyar kwance mazagi.

Ni mushe ne, wato malamin boko, a wata lakwal, makarantar firamare, a Bande, kuma a garinmu ko tari mushe ya yi sai labari ya kai kasuwa. Shekara uku da suka wuce, dab da jarrabawar ƙarshen shekara, na tashi da ƙaiƙayi da raɗaɗi a wurin da ba a sosawa a gaban jama'a. Bayan kwana biyu sai ga 'yan ƙuraje masu ruwa sun fito a cunkushe, suka fashe, suka bar gyambo. Ga zazzaɓi, ga kaluluwa, fitsari kuwa kamar da barkono aka dama shi.

Gidan likita yana nan kusa da lakwal ɗinmu, amma mai rubuta karne, wato katin ganin likita, uwar ɗalibina ce. Sai na nufi mai maganin nan na kasuwa da ke shela da lasifika, na sayi wani gari da ya ce a kwaɓa da lemun tsami a shafa. (Mai karatu, ni ne mai koya wa yara darasin tsabta da kiwon lafiya.) Na kwaɓa, na shafa. Ihun da na yi a makewayi ya sa maƙwabta suka ɗauka kunama ce ta harbe ni, ni kuma ban ƙaryata su ba.

Matata Rabi tana da cikin wata shida a lokacin. Na ce mata basir ne. Ta dube ni, ta dubi tafiyata, ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam."

Ranar Laraba da rana ba a karatu, sai na hau kabu-kabu zuwa Magariya, inda nake zaton ba wanda ya san ni. Ban taɓa lura da yawan ramukan hanyar nan ba sai ranar. Duk wanda muka faɗa sai na yi salati, har mai babur ya ce lallai ni mutum ne mai ibada.

A gidan likita aka shigar da ni wurin Majo, wato babban malamin asibitin, wani dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci. Na zauna a kan rabin kujera, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wani abokina ne ba shi da lafiya. Kunya ce ta hana shi zuwa."

"Allah sarki. Me ke damunsa?"

Na zayyana masa komai, har da lemun tsami. Ya tambaya ko fitsari yana yi wa abokin nawa zafi, na ce ƙwarai, musamman da safe. Ya ce lallai amintakarmu ta kai. Sannan ya ɗauki biro.

"Sunansa? Ba na rubuta magani ba suna."

Ban shirya wa wannan ba. Kaina ya ɗauke, sunan da ya fara zuwa bakina shi na faɗa, wato na Diraktan lakwal ɗinmu, Mushe Laminu, mutumin da ko ido ba ya ɗagawa ya kalli mace.

Majo ya ajiye biro, ya cire tabarau.

"Laminu na Bande? Dogo, mai sanƙo?"

Na gyaɗa kai.

"Mijin ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya laluba aljihu ya fito da salula. "Bari in kira shi yanzu, ya zo da ita."

Na ga babban yatsansa yana neman lamba. Na hango Dirakta yana rantsuwa, matarsa tana haɗa kaya, na hango kaina gobe da safe a gaban tutar lakwal, ido da ido da shi. Ban san lokacin da na riƙe hannun dattijon nan ba.

"Don Allah, Baba, kada ka kira. Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni ne abokin."

Ya mayar da salular aljihu a hankali. "Tun daga bakin ƙofa na sani. Lafiyayye ba ya tafiya kamar ya sauko daga raƙumi. Kuma ko da Laminun ne, ba haka muke tona asirin mutane ba. Shiga bayan labule, Mushe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da ya gama dubawa, ya ce ciwon sunansa erpes, ɗan'uwan ƙurajen nan ne da kan fito a leɓe bayan zazzaɓi, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Na tambaye shi allura nawa za a yi mini ya fita. Ya ce ba ya fita. Yakan kwanta a jiki, ya taso idan mutum ya gaji ko ya yi rashin lafiya, amma tashin farko shi ne mafi tsanani. Ya rubuta mini ƙwayoyin asikulobir na kwana goma da maganin zafi, ya ce in riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta, in busar, in bar matsattsen wando. Ya tura ni gwajin jini na sauran cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya. "Lemun tsami kuma," in ji shi, "a bar wa koko."

Da ya ji Rabi na da ciki sai wasa ya ƙare. Ya ce idan mace ta kamu a watannin ƙarshe, jariri na iya shiga haɗari wajen haihuwa. Don haka in nisance ta har ta sauka, bayan nan ma ban da kusantar ta idan ƙuraje sun fito, kuma kwaroron roba yana rage yaɗuwa, tunda ana iya ɗauka ko ba a ga komai ba. Sannan dole ungozoma ta sani, wato dole Rabi ta sani.

Wannan ya fi hanyar Magariya wuya. Na same ta tana tankaɗe, na tsuguna na faɗa mata.

"Daga ina ka samo shi?"

Na ce Majo ya ce yakan yi shekaru a kwance kafin ya nuna kansa, ba mai iya cewa ga ranar da ya shiga. Na ƙara da gaskiyar da na sani, cewa tun da na aure ta ban leƙa ko'ina ba, amma samartakar da na yi a Damagaram ba duka a masallaci na yi ta ba.

Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na huɗu ta ɗauko mayafi ta ce in raka ta awo, kuma da bakina zan yi wa ungozoma bayani. Na yi, ina kallon silin. Aka riƙa duba ta har watanta ya kama, ta haifi 'yarmu lafiya lau.

Yanzu ciwon yakan leƙo sau ɗaya ko biyu a shekara, galibi lokacin gyaran takardun jarrabawa. Da na ji tsikarinsa sai in fara shan ƙwaya, cikin 'yan kwanaki ya lafa. Rabi takan ce, "Baƙonka ya zo ke nan?" in ce ya zo, ta miƙo mini ruwa.

Dirakta bai taɓa jin labarin ba. Har yau yakan yabe ni a taron malamai, ya ce ni mutum ne da ba ya ɗora laifinsa a kan kowa, ni kuma in sunkuyar da kai, a ɗauka tawali'u ne.

Abin da na koya shi ne, kunyar minti biyar a gaban likita ta fi sati guda na tafiyar agwagwa sauƙi. In kuwa mutum ya nace sai ya aro aboki, to ya fara bincikar inda abokin ya yi aure.