Yaƙin 'Yar Aljihu a Filin Kalankuwa

Da sunan Allah muke farawa, Shi da ya halicci ido tun ba a san za a ƙera gilashi ba. Bayan haka, wannan tarihi ne na sadauki ɗan sadaukai, Malam Mudansiru ɗan Ilu Mai Gyaran Fitila, jikan Tanko Dogo wanda ya taɓa korar kura da taɓarya, ko da yake wasu dattawa sun dage cewa kare ne, tattaɓa-kunnen Gambo Fatake da ya tafi fataucin goro da jaki ya dawo ba goron ba jakin. Mataimakin akawu na biyu a sashen ruwa na ƙaramar hukuma, ma'abocin biro uku a aljihun gaba, garkuwar fayil, dodon masinjoji, wanda in ya yi gyaran murya a ofis kowa kan ci gaba da abin da yake yi. Kada mai karatu ya wahalar da kansa da tambayar wa ya rubuta. Marubucin da gwarzon hula ɗaya suke sawa, sai dai abin da ya faru ya fi ƙarfin a ce "ni", shi ya sa za a riƙa cewa "shi".

Musabbabin wannan yaƙi kuwa shi ne, Kawu Barmo, yayan mahaifiyar gwarzonmu, makaɗin garaya na ƙauyen Tsaunin Gauraka, ya aiko da saƙo cewa kalankuwar bana, wato bikin da ake yi in an gama girbi, ita ce tasa ta ƙarshe. Ya riga ya yi rantsuwa a gaban liman: da ya sauke waƙar ƙarshe zai tsinke tsirkiyar garayar, ya tuba, ba zai ƙara taɓa ta ba har ya koma ga Allah. Ga shi kuma duk tsawon zamanin da ya yi yana kiɗa babu hotonsa ko ɗaya riƙe da garaya. Inna Kuluwa, mahaifiyar sadaukin, wadda ciwon gwiwa ya hana ta shiga mota, ta sa aka kira mata ɗan nata.

"Mudan," in ji ta, "hoto ɗaya nake so. Yaya da garayarsa a hannu, yana cikin kiɗa. In rataye shi nan jikin bango, in na farka in gan shi. Kada ka dawo min da dogon surutu, ka ji ko?"

Nan take jinin kakanni ya motsa. Sadauki ya bugi ƙirji har biro ɗaya ya faɗo, ya ce an gama. Bai tsaya nan ba, wayyo, da ma ya tsaya! Sai da ya shiga zauren dangi na waya ya yi shela cewa kada wani ya ɓata cajinsa ran kalankuwa, don hoton waya hoton yara ne, shi zai zo da kyamara ta ainihi, kowa ya zuba ido ya ga aikin manya.

Daga nan aka shiga zamanin shirin yaƙi, wanda malaman tarihi ke kira zamanin da aikin ofis ya tsaya. Gwarzo ya duƙufa a kan intanet, yana kallon wasu Turawa masu gemu suna jujjuya kyamarori suna ambaton kalmomin da ko a mafarki bai taɓa ji ba, shi kuwa yana gyaɗa kai yana cewa "haka ne, haka ne". Rundunar farko da ya murƙushe ita ce ta manyan kyamarori masu dogon hanci, domin ya san mutanen Tsaunin Gauraka sarai: duk wanda suka gani da irin wannan a wuya, sunansa ya koma "Mai hoto", kowace tsohuwa za ta yafito shi ya zo ya ɗauke ta da jikokinta, alhali shi ma'aikacin hukuma ne mai kujera. Saboda haka ya yanke hukunci sai 'yar aljihu, ƙarama wadda za ta ɓuya a cikin babbar riga. Amma fa da sharuɗɗa masu tsauri: ta iya cafke yatsun Kawu, waɗanda in kiɗa ya yi zafi ido ma ba ya binsu, ta iya gani a inuwar rumfa in rana ta karkata ba tare da ta haske tsoho da walƙiya ba, sannan ta iya zuƙo mutum daga nesa, don filin kalankuwa ba wurin da ake ba wani hanya ba ne.

Wata ranar Asabar tutar yaƙi ta tashi zuwa Kano. Sadauki ya ratsa rundunonin 'yan adaidaita sahu, ya tsallake kwatoci, ya sha "Alhaji matsa mana" daga bakin masu baro har ya daina juyawa, ya isa shagon wani Sabi'u a kasuwar Sabon Gari, mutumin da duk wanda ya taka ƙofarsa Injiniya ne. Aka baje kyamarori a kan gilashi. Aka yi artabu, aka yi ɗauki-ba-daɗi, wannan batirinta ba ya jimawa, waccan in ka danna sai ta yi tunani tukuna, har fage ya rage saura jarumai biyu.

Ta farko baƙa ce, tana da 'yar taga a sama inda ake kanga ido a leƙa. Ta biyu ruwan azurfa, ba ta da taga, sai allo a bayanta, wanda dole mutum ya miƙa hannuwansa gaba kafin ya ga abin da zai ɗauka. Gwarzo ya gwada baƙar. Ya kanne ido ɗaya, hanci ya tattare, baki ya karkace, hular da ya ɓata safiya yana karyawa ta zame ta koma ƙeya, kuma duk wannan ya gan shi a madubin shagon. Subhanallahi! A ce mataimakin akawu na biyu ya tsaya gaban jama'ar ƙauyen uwarsa da wannan fuska? Ya ajiye ta. Ya ɗauki ta azurfa, ya miƙe tsaye, ido biyu a buɗe, hula daram, hannuwa a miƙe, hannun riga na reto. Ya saci kallon madubi, ya ga mutum.

"Wannan," in ji shi.

"Wallahi Injiniya ka san kaya, ni ma ita ce a bakina," in ji Sabi'u, wanda da baƙar aka ɗauka ita ce za ta kasance a bakinsa.

Ran kalankuwa, bayan la'asar, fili ya cika ya batse. 'Yan dambe sun gama, masu kalangu sun ja gefe, aka share da'ira a gaban rumfa. Kawu Barmo ya fito cikin tsohuwar riga mai shuni, garaya a rataye, 'yan amshinsa a baya, a damansa kuma Jatau Sanƙira. Ga wanda bai taɓa zuwa irin wannan fage ba, sanƙira shi ne mai karɓar kyautar da aka miƙo wa makaɗi, ya ɗaga ta sama, ya kwarara sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. In kuwa ya riga ya kwarara, magana ta ƙare. Wanda ya ce a mayar masa, jikokinsa ma sai an yi musu gori da shi. Da'irar nan da aka share kuwa, ba mai shiga cikinta sai mai kyauta.

Kawu ya taɓa tsirkiya. Kai, jama'a! Marubucin nan zai ajiye ba'a na ɗan lokaci ya faɗi gaskiya: tsigar jikin gwarzo ta tashi, idonsa ya kawo ruwa, don bai taɓa sanin haka tsohon nan yake ba. Muryar ta dushe amma ba ta karye ba, yatsun kuwa kamar ba na mai furfura ba. Tsofaffin manoma suka fara jinjina, wata dattijuwa ta rangaɗa guɗa. Aka yi waƙa ta ɗaya, aka yi ta biyu, gwarzo na tsaye baki buɗe, sai da Kawu ya ce ga ta bankwana sannan ya tuna abin da ya kawo shi.

A nan ne aka tafka kuskuren da ya canja tarihi. Daga inda yake tsaye, 'yar aljihu za ta iya zuƙo Kawu har a ƙirga gashin gemunsa, don haka ma aka saye ta. Amma ina! Jikan Tanko Dogo ba ya harbi daga bayan mata. Ya kutsa, ya ture, ya taka ƙafar wani bai ba da haƙuri ba, ya faɗa tsakiyar da'ira, ya tako har gaban rumfa, ya zaro kyamara tana ƙyalli, ya riƙe ta da hannu bibbiyu, ya miƙa ta sosai wajen Kawu, sannan, don ya daidaita garayar a tsakiyar allo, ya ɗan rusuna. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a ƙasar Hausa ya san me ake nufi in yaro ya rusuna ya miƙa wa babba abu da hannu biyu.

Yatsarsa na kan maɓalli ya ji hannunsa wayam. Jatau, wanda ya tsufa a wannan aiki, ya zare ta yadda ko igiyar ba ta sarƙe ba.

"Jama'a a saurara!" Jatau ya kwarara. "Mudansiru ɗan Kuluwa! Ya taso tun daga birni! Ya ba da..." ya jujjuya ta, ya duba gaba ya duba baya, "ya ba da na'ura 'yar ƙasar waje! Sabuwa dal! Har da igiyarta!"

Fili ya ɗauki guɗa. Gwarzo ya buɗe baki, ya ce, "A'a, ai ba..." Ba wanda ya ji, domin Kawu ya riga ya juyo da garaya kansa, ya kafe shi da ido, ya ɗauko shi tun daga tushe:

"Mudan na Kuluwa, mai ruwan birni!
Biro a aljihu, alheri a hannu!
Ɗan ƙanwata ya zo, ku ba shi fili!"

To, wa ya taɓa wasa mataimakin akawu na biyu? Kai ya kumbura, ƙafa ta ƙi bin umarni. Sadauki ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya jefa hannun riga a kafaɗa, ya shiga taka rawa, rawar da shi kansa bai san yana da ita ba, yana juyi yana ihu, "Faɗa musu, Kawu! Faɗa musu!" Duk mai waya a filin ya juyo da ita kan baƙon da ya yi kyautar da ba a taɓa yi ba. 'Yan dangi kuwa, masu biyayya, wayoyinsu na aljihu kamar yadda aka umarce su. Yana cikin juyi kiɗa ya tsaya cak. Ya waiwaya, ya ga Kawu ya zaro 'yar wuƙa ya ɗora a kan tsirkiya. Ƙarar tsinkewarta ba ta da yawa, amma kowa ya ji ta.

Washegari da hantsi gwarzo ya nufi zauren Kawu da jawabin da ya tsara, mai gabatarwa da hujjoji, wanda zai nuna cewa an samu rashin fahimta. Ya tarar da tsoho zaune a kan buzu da carbi, kyamara a cinyarsa an naɗe ta da ƙyalle mai tsabta. Kafin ya gama gaisuwa Kawu ya riga shi.

"Zauna, Mudan. Tun ina saurayi nake kiɗa. Baƙi sun ba ni riga, sun ba ni akuya, wani har keke. Amma jinina, ɗan gidanmu, bai taɓa shigowa fili ya miƙo min ko goro ba. Tun da suka yi boko, in sun hango ni da garaya sai su canja hanya. Sai jiya." Ya share ido da bakin riga. "Ka gaya wa Kuluwa ta haifi ɗa."

Jawabi ya bi iska, da gabatarwarsa da hujjojinsa. Kunya ta kama gwarzo, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba komai, Kawu."

"Sai dai abu guda," in ji tsoho, yana kwance ƙyallen. "Rediyon nan taka, tun jiya nake murɗa ta, ko Kaduna ta ƙi kamawa."

Kafin ya bar ƙauyen, sadauki ya bi masu waya gida-gida yana roƙo a tura masa abin da suka ɗauka. Duk shi ne. Shi yana jinjina, shi yana juyi, shi baki wangame har ana ganin dasashi. Da wannan ganima ya koma gaban Inna Kuluwa, ya zuba mata dogon surutun da ta hana, ya isar da saƙon Kawu. Ta goge hawaye, ta sa masa albarka. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "To, mu ga hoton."

Ya lalubo ɗaya ya ba ta. Shi ne ya cika hoton, amma can a gefe, a ƙurya, akwai gwiwar hannun wani mutum da ɗan guntun wuyan garaya.

"Wannan ta gefen," in ji shi a hankali, "ta Kawu ce."

Inna ta kawo wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo. "Ita ce kuwa," ta ce. "Ga tabon ƙunar da ya yi muna yara, ran da ya ciro min dankali a wuta."

Ta sa aka kai aka wanke hoton babba. Da aka kawo, ta ce a miƙo mata almakashi, ta bi a hankali ta yanke sadauki ɗan sadaukai tun daga hula har takalmi, ta ba shi abinsa, ta rataye gwiwar hannun a bango.